Ya Kamata A Yanka Wa Tsohon Laifi Wa'adi

A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali. Dokar ta ce ana iya ba fursunan da ya natsu takardar shaidar halin kirki idan ya fito, kuma kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi a kurkuku.

Amma har yanzu da sauran gyara. Ka'idojin aikin Gwamnatin Tarayya sun hana ɗaukar duk wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi, sai da iznin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, kuma ba su ambaci ranar da hanin zai ƙare ba. Alhali Tsarin Mulki na 1999 ya yanka wa ɗan siyasa wa'adi: wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya yana iya tsayawa takara bayan shekara 10. Ke nan mutum yana iya neman kujerar wakilin Dutsin-Ma da Kurfi a Majalisar Wakilai, shi kuwa mai neman aikin masinja yana can yana jiran alfarma. Wannan ba adalci ba ne.

Maganar ta shafi zaman lafiyar wannan yanki da ya sha wuyar 'yan fashin daji. Saurayin da ya koyo kafinta ko ɗinki a tsare, ya dawo gida kowa na gudunsa, shi ɓata-gari suka fi saurin ja.

Ingila ta warware irin wannan matsala tun 1974. A can, idan wa'adi ya cika ba tare da sabon laifi ba, mai neman aiki ba ya bukatar ambaton ƙaramin laifinsa na da, sai a ayyuka irin na kula da yara.

Saboda haka ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta yi doka mai wa'adi bayyananne ga ma'aikatunta da ƙananan hukumomi. Ba a ce a damƙa wa wanda ya ci amanar kuɗi baitulmali ba. A duba irin laifin, da irin aikin, da shekarun da suka wuce. Wanda ya gama hukuncin alƙali, bai dace ofis ya ƙara masa wani ba.