Batirin LFP: Arha da ƙarko sun yi nasara, amma fasahar na hannun Sin

Shekaru goma da suka wuce, manyan kamfanonin motoci na Amurka da Turai sun ɗauki batirin LFP a matsayin kayan motocin bas da ƙananan motoci masu arha. A yau lissafi ya juya. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ce a 2024 kusan rabin batiran da aka sanya wa motoci masu amfani da lantarki a duniya na wannan nau'i ne. Wannan sauyi ya shafi duk ƙasar da ke sa ran rage dogaro da fetur, har da Najeriya da maƙwabtanta.

LFP gajeren suna ne na batirin da ake haɗawa da litiyum da ƙarfe da fosfet. Abokin hamayyarsa, wanda ake kira NMC, yana buƙatar nikel da manganis da kobalt. Bambancin kuɗin daga nan ya samo asali. Ƙarfe da fosfet suna da yawa a doron ƙasa, kobalt kuwa tsada gare shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka daɗe suna kokawa kan sanya yara aiki a ramuka. Da yake batir shi ne ɓangare mafi tsada a jikin motar lantarki, duk ragin da aka samu a kansa yana bayyana a farashin motar.

A Jami'ar Texas da ke Amurka aka gano amfanin wannan haɗi, a ɗakin binciken Farfesa John Goodenough, wajen 1996. Goodenough ya samu kyautar Nobel a 2019 saboda aikinsa kan batiran litiyum. Amma kamfanonin Yamma ba su ba LFP muhimmanci ba, saboda yana da rauni guda: a nauyi iri ɗaya, ba ya ɗaukar wuta kamar NMC, don haka motar ba ta cin dogon zango da caji ɗaya. Kamfanonin Sin ne suka riƙe shi, suka yi ta gyara. A 2020 BYD ya fito da batirinsa mai suna Blade, wanda aka yi da dogayen faranti sirara da ake jerawa kai tsaye a ƙasan mota, abin da ya ba da damar cusa batir mai yawa a wuri kaɗan. A shekarar ce kuma Tesla ya fara sanya LFP na kamfanin CATL a motocin Model 3 da yake ƙerawa a Shanghai. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Abubuwa uku ne suka sa wannan batir ya dace da ƙasashe masu zafi da ƙarancin kuɗi. Na farko, ba ya saurin kama wuta, domin haɗin fosfet ɗin ba ya sakin iskar oksijin cikin sauƙi idan ya yi zafi. Na biyu, yana jure caji da sauke caji sau dubbai kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, wanda hakan ke da muhimmanci ga direban haya da ke caji kullum. Na uku, ana iya cika shi maƙil; Tesla ma yana shawartar masu motocin LFP su cika batirin zuwa 100 aƙalla sau ɗaya a mako, saɓanin NMC da ake son a tsaya a wajen 80 don amfanin yau da kullum. Babban rauninsa na biyu shi ne sanyi mai tsanani, wanda ke rage masa kuzari. Wannan damuwa ce ga mutanen Kanada da Norway, ba ga na Kano ko Yamai ba. Magidanta da yawa ma sun riga sun san shi ba tare da sanin sunansa ba, domin galibin batiran litiyum da ake haɗawa da sola a gidaje da shaguna LFP ne.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kusan dukkan LFP da ake amfani da shi a duniya kamfanonin Sin ne ke yin sa. Ko da kamfanin Ford ya sanar a 2023 cewa zai gina masana'antar irin wannan batir a jihar Michigan, sai da ya nemi lasisin fasaha daga CATL. A 2025 kuma gwamnatin Sin ta sanya fasahar sarrafa sinadaran LFP cikin jerin waɗanda ba a fitar da su waje sai da izini. Idan Amurka da dukiyarta tana neman lasisi, ƙasashen Afirka sai su yi wa kansu lissafi tun da wuri.

Akwai waɗanda suka fara. Maroko, mai mafi yawan fosfet a duniya, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Gotion na Sin a 2024 don gina masana'antar batir a Kenitra. Zimbabwe ta hana fitar da ɗanyen litiyum a ƙarshen 2022, domin a tilasta sarrafa shi a cikin gida. Najeriya na da litiyum a Nasarawa da Kwara da Kaduna, tana da tama a Itakpe ta jihar Kogi, tana da fosfet a Sakkwato, kuma an buɗe masana'antar tace litiyum a Nasarawa a 2024. Mallakar ma'adinai dai ba ya nufin iya yin batir. Ana buƙatar wutar lantarki tsayayya, da masana kimiyyar sinadarai, da tacewa mai tsafta ƙwarai. Abin da ya kamata shi ne duk lasisin haƙar litiyum da za a bai wa kamfanin waje ya zo da sharaɗin sarrafawa a gida da horar da 'yan ƙasa.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran masana'anta. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babura da adaidaita sahu masu lantarki sun fara samun kasuwa. Wajibi ne Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta tilasta a rubuta nau'in batir da ainihin ƙarfinsa a jikin kowane abin hawa, domin kasuwar da ba a sa wa ido ita ce matattarar tsofaffin batira da aka sake wa riga. Haka batun shara: tun da babu kobalt ko nikel a cikin LFP, masu sake sarrafa batir ba su samun riba sosai a kansa. Idan ba a ɗora wa masu shigo da shi alhakin karɓar wanda ya mutu ba, a bola zai ƙare.

Shi kuwa mai saye, kafin ya yi ciniki ya tambayi nau'in batirin, da shekarar da aka yi shi, da yawan ƙarfin da ya rage masa idan motar ta hannu ce, sannan ya nemi garanti a rubuce. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi bai cancanci kuɗin kowa ba.