Mai Dokar Barci Ya Ɓuge da Gyangyaɗi

A watan Janairun 2023 'yan sandan Jamus suka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath, aka rushe gidajen don kamfanin RWE ya haƙi kwal ɗin da ke ƙarƙashinsu. Tun a 2022, da iskar gas ta Rasha ta yanke, Jamus ta sake hura tashoshin kwal da ta jingine. Wannan ita ce ƙasar da ake kafa mana misali da ita wajen kare muhalli. Sanyi ya ɗan ciji masu kuɗi, sai wa'azi ya koma aljihu.

To, a zo Faskari a ga wadda ake yi wa wa'azin. Duwatsun murhu uku ne jarinta, ta ɗora tukunyar tuwon masara, hayaƙi na sa ta hawaye. Kara ya ƙare, icen da ke ci kuwa ɗanta ne ya saro shi a bakin daji, yana sara yana waige, don kowa ya san masu dajin yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsada ta ci kowa, kananzir da gas sun zama na wane da wane. Ita ce kuma aka ce tana jawo hamada. Afirka kacokan ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma gawayin Najeriya ya daɗe yana tafiya Turai ana gasa nama da shi. Ai laifi tudu ne.

A 2009, a Copenhagen, ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020. Ba su cika ba sai 2022, kaso mai tsoka kuma bashi ne. Ka ƙona wa mutum rumbu, sannan ka ranta masa hatsi da ruwa. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

Ku kuma manyanmu masu cika jirgi zuwa taron sauyin yanayi, ku ji kunya. Kuna tafa wa baƙi, ba ku iya ce musu manomin Sabuwa gonarsa ma ta gagare shi shiga. A Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai sama da 300 ranar 11 ga Disamban 2020. Wanda ke kwana da ido ɗaya wa zai ce masa ya rene dashe?

A ba mutanen nan tsaro, a sauƙaƙa musu makamashin girki, a biya abin da aka yi alkawari ba a matsayin bashi ba. Har sai an yi haka, a ƙyale matar nan da murhunta. Ba ita ta ɓata duniya ba.