A Bar Wa Na'ura Aikin Jera Rubutun Kwamfuta

Duk ɗalibin ilmin halittu ya san cewa itacen da Bahaushe ke kira kuka, sunansa a wurin masana Adansonia digitata. Tun shekarar 1753, lokacin da Carl Linnaeus ya wallafa littafinsa kan tsirrai, aka kama wannan tsari na suna biyu, na farko da babban baƙi, na biyu da ƙarami. Albarkacin wannan ƙa'ida ne masani a Zariya da takwaransa a Japan suke fahimtar juna ba gardama. A ganina rubutun umarnin kwamfuta ma yana bukatar irin wannan ladabi, kuma na'ura ce ta fi dacewa ta tsare shi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? To, a yau da harsunan kwamfuta irin su Python da R muke lissafa sakamakon gwaje-gwajenmu. Idan mutum biyar suka yi tarayya a aiki ɗaya, sai ka tarar kowa da hannunsa: wannan ya bar tazara biyu a farkon layi, wancan huɗu, wani kuma ya ja layi har ya wuce allo. Na sha ɓata yini ina neman kuskure a aikin ɗalibai, ashe hargitsin rubutun ne ya ɓoye shi.

Magani kuwa ya samu. Harshen Go, wanda kamfanin Google ya fitar a 2009, ya zo da manhajar gofmt mai jera rubutun kowa bisa salo guda. Masu Python suna da ƙa'idar PEP 8 tun 2001, sannan a 2018 Łukasz Langa ya fito da Black. Irin waɗannan manhajoji suna karanta umarnin, su gane gininsa, su sake shimfiɗa shi bisa ƙa'idar aikin. Black har takan gwada ginin kafin gyara da bayansa, domin ta tabbatar ma'ana ba ta sauya ba.

Kada a ɗauka kwalliya ce kawai. A 2014 an gano wani layi da aka maimaita bisa kuskure cikin manhajar tsaro ta kamfanin Apple. Tazarar da ke farkonsa ta sa ido ya ɗauka yana ƙarƙashin wani sharaɗi, alhali kuwa kullum yana aiki, yana sa a tsallake binciken sahihancin hanyar sadarwa. Da na'ura ce ta jera rubutun, da layin ya fito fili a matsayinsa na gaskiya.

Wasu na ƙorafin cewa wannan takurawa ce, domin kowa da salon da ya saba. Amsata ita ce, babu masanin da basirarsa ta ragu don ya bi tsarin Linnaeus.

Sai dai akwai hattara, kuma mu malaman halittu mun ɗanɗana kuɗarmu. Manhajar Excel takan mayar da sunan ƙwayar gado SEPT2 ya zama 2 ga Satumba. Wani bincike na 2016 ya sami irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel, har a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya sauya wasunsu. Darasin shi ne, a yarda da na'urar da ke gyara shimfiɗa, a yi kaffa-kaffa da wadda ke taɓa ma'ana.

Saboda haka ina kira ga sassan kimiyya na jami'o'inmu da kowace ƙungiyar bincike ta zaɓi manhaja ɗaya tun ranar farko, a koya wa ɗalibai ita kamar yadda ake koya musu wanke kwalaben gwaji. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa mu dace.