TSOFAFFIN SOJA DA LIKITOCINSU: INA GIZO KE SAƘA?

Duk wanda ya san Kaduna ta ƙetaren kogi, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, ya san ba ta rasa tsofaffin soja. A Kakuri aka buɗe masaƙar farko cikin 1957, nan ne kuma Gwamnati ta kafa ma'aikatar ƙera makamai cikin 1964. Sojan da ya tuɓe kaki ya kan sami aikin gadi ko tuƙi a irin waɗannan wurare, ya gina gida ya zauna. Da fari 'yan Bama ne, waɗanda suka gwabza da Japanawa tsakanin 1943 da 1945, yawancinsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Bayansu sai na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai na Laberiya da Saliyo daga 1990, ga kuma waɗanda suka yaƙi Boko Haram suna ta saukowa.

Wannan yanki bai rasa asibiti ba. A Kakuri akwai na St. Gerard da na Gwamna Awan, a Barnawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya, in an haye gada kuma ga babban asibitin soja na 44. Duk da haka kukan mazan jiya game da magani bai yanke ba. Sun ce su kan yini a layi, in sun ga likita ya rubuta magani a ce babu, sai a kanti. Sun ce likitan da ya duba su jiya ba shi za su tarar gobe ba, sai su sake labari tun daga farko. Likitoci su ma da nasu. Sun ce tsohon soja ba ya zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa, in ya zo kuma ya kan yi magana kamar yana ba kurtu oda. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma mu a ganinmu gizo ba a halin ɗayansu ya ke saƙa ba. Yana saƙa ne cikin takardun da ke tsakaninsu.

Ga yadda abin ya ke. An soma aiki da tsarin inshorar lafiya na ƙasa cikin 1999 a takarda kaɗai, a aikace sai 2005, aka kuma sake dokarsa cikin 2022. Soja suna da kamfaninsu da a ke kira DHML, shi ne ke tsaye tsakanin mai ciwo da asibiti, 'yan fensho ma suna ƙarƙashinsa. Ko wane mutum ya kan zaɓi asibiti ɗaya a rubuta sunansa a can. Wannan asibiti a kan biya shi kuɗi ƙayyadadde ko wane wata bisa ko wane kai, ko mutum ya zo ko bai zo ba. A tsarin ma'aikatan Tarayya kuɗin nan ya yi fiye da shekara 10 yana tsaye a kan naira 750 har zuwa 2024, alhali kuwa tsadar magani ba ta tsaya ba. Saurayi mai jini a jika ba ya cinye wannan kuɗi. Amma tsoho mai hawan jini da ciwon sukari da tsohon rauni a gwiwa, maganinsa na mako ɗaya ya fi shi. Ashe ke nan "babu" da ya ke ji a tagar magani ba rowar likita ba ce.

Sa'an nan in ciwo ya fi ƙarfin asibitin farko, sai an nemi lambar izini daga kamfanin inshora kafin babban asibiti ya karɓi mutum. In lambar ta yi jinkiri, ko suna ya ɓata cikin rajista, tsoho ba ya ganin akawun da ke ofis. Likitan da ke gabansa ya ke gani, shi zai ɗora wa laifi. Likitan nan kuwa watakila shi kaɗai ya rage a inda da a ke da uku, gama 'yan'uwansa da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya neman albashi mai kauri.

Akwai kuma ciwon da ba ya fita a hoto. Mutumin da ya ga an kashe abokinsa a gefensa ya kan yi shekaru yana firgita cikin barci, ƙara kaɗan ta razana shi, fushi ya riƙa zo masa ba dalili. Ba zai ce wa likita yana jin tsoro ba, don soja ne. Sai ya ce kansa ke ciwo. Likita mai mutum hamsin a waje ba shi da zarafin tono, sai ya rubuta maganin ciwon kai. In kuwa ya ambaci Barnawa, tsoho ya tashi a fusace, ya ce an mai da shi mahaukaci. Wannan kuskure ne babba. Ciwo ne kamar ko wane, likitocin duniya sun san shi, yana kuwa jin magani.

Me ya kamata a yi? Na farko, hukuma ta riƙa daidaita kuɗin da a ke biyan asibitoci da tsadar magani, ta kuma lura da cewa kan tsoho ba ɗaya ya ke da kan yaro ba. Na biyu, Ƙungiyar Tsofaffin Soja, wadda aka kafa tun 1964, ta ajiye wakili a manyan asibitoci don bin sawun izini, kada a bar mai sanda yana yawon ofisoshi. Na uku, likitoci su riƙa tambayar tsoho inda ya yi aiki da abin da ya gani, gama tambaya ɗaya ta kan buɗe ƙofar da magani goma bai buɗe ba. Su kuma mazan jiya su tuna ɗakin likita ba filin fareti ba ne.

Ku kuma akawuna da malaman makaranta, ga naku rabon. Akwai tsohon soja a unguwarku wanda idonsa ba ya ganin rubutu. Ku duba masa katinsa, ku tabbata sunansa da lambarsa sun yi daidai tun yana lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran 15 ga Janairu ko wace shekara a kan yi fareti don tunawa da waɗanda suka faɗi. Masu rai ba fure su ke nema ba, magani su ke nema. Samarin da ke bakin daga yau suna kallon yadda mu ke yi da iyayensu, don tuwon gobe kuwa a ke wanke tukunya. Allah ya sa a gyara.