INJIN ASKI KO ASKAR WANZAMI?

Wani abokina direban babbar mota, wanda muke zaune unguwa ɗaya da shi a Agege, ya tare ni ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ya ce yana so ya sayi abin aski na kansa, amma ya rasa wanda zai ɗauka, injin lantarki, watau kilifa, ko kuwa reza. Da fari na yi masa dariya, na ce Alhaji, duk matsalolin Ikko ba ka ga wadda za ka kawo mini ba sai ta gashin baki? Amma da na koma gida na yi tunani, sai na ga maganar ta fi ƙarfin dariya, don ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi jininmu.

Ni mutumin Keffi ne. Sa'ad da muke yara Keffi tana cikin Jihar Filato, don ba a yanke Jihar Nasarawa ba sai a 1996. A lokacin ba wanda yake tambayar da me za a yi aski. Wanzamin gidanmu yakan zo da zabirarsa, ya zauna a zaure, ya wasa aska a dutse, ya goga ta a fata, ya jiƙa kan mahaifinmu da ruwa da sabulu, sa'an nan mu yara mu biyo layi, babba kafin ƙarami. Aska ɗaya ce take bin kawunanmu duka. Shi ya yi mana askin suna, shi ya yi mana kaciya, ubansa kuma shi ya yi wa ubanmu. Ba a ciniki da shi, sai dai in kaka ta yi a kai masa dami, ran suna kuma a fitar masa da rabonsa na nama. Wanda bai taɓa jin sanyin iska a kansa bayan askin ƙwal-kwabo na gwanin wanzami ba, to, da sauransa.

Da na je gida Babbar Sallah kuwa, tun daga Mararraba da Masaka har cikin Keffi shagunan aski ne ke nan jere, musamman wajen Jami'ar Jihar Nasarawa inda samari suka yi yawa. Na shiga ɗaya. Yaron ya kai rabin kaina ke nan sai aka ɗauke wuta. Ya dube ni ya ce, Baba, in a ta da janareta kuɗin zai ƙaru. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu, 1923 ba, 2023 nake nufi, ga shi tsufa ya fara taɓa ni. Na biya, don ba na fita kasuwa da rabin kai. Wannan ita ce tsohuwar hujjar masu ƙin injin, amma yanzu ta yi rauni, gama injuna masu caji sun cika Alaba da kowace kasuwa, caji ɗaya ya isa aski da dama.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan kaya ba don gashinmu aka fara ƙera su ba. Gillette ya fara sayar da rezarsa a Amurka a 1903, Wahl ya sami rajistar kilifarsa a 1921, Schick ya fito da injin gyaran fuska na lantarki a 1931, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya biyo baya a 1939. Gashin Bature miƙaƙƙe ne, namu kuwa a nannaɗe yake fitowa. In reza ta share shi har ƙasan fata, sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fatar ya koma ciki, shi ne ƙurajen nan da kuke gani a wuya da haɓa da ƙeyar samarinmu, masu ƙaiƙayi, wasu har su bar tabo mai tudu. Ba sammu ba ne, ba kuma ruwan Ikko ba ne kamar yadda wasu ke cewa. Kilifa ba ta kai wa ga saiwa, takan bar ɗan toho, saboda haka mai fama da ƙuraje ita ta fi masa. Rezar nan mai baki uku ko biyar da ake tallarta, wadda kuɗinta ya fi na kowa, ita ce ma ta fi yi wa irin gashinmu ɓarna.

To amma babbar magana ita ce ta ciwon hanta, wanda likitoci ke kira nau'in B. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na baligan ƙasar nan suna ɗauke da shi, yawancinsu kuwa ba su sani ba, don yakan yi shekaru bai nuna alama ba kafin ya cinye hanta. Ƙwayar cutar tana iya kwana bakwai a busasshen jini a bakin ƙarfe ba ta mutu ba, ta fi ta ƙanjamau naci nesa ba kusa ba. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Kada kuma wani ya ce ai kilifa ba ta yanka. Masu aski sukan wasa bakinta su matse shi don gyaran goshi ya fito sosai, kowa kuwa ya san zafin nan da yake ji a ƙeya in an shafa masa sifirit. In babu rauni, me ya kawo zafi? Ɗan kananzir da ake gogawa, ko wutar laita da ake haska wa bakin injin na ƙiftawar ido, kwantar da hankalin mai kai ne kawai. Ban ma yi zancen makero ba, wanda yara ke kwasowa. Ko a Makka, hukumar lafiya ta Saudiyya kullum tana gargaɗin alhazai su je wurin masu aski masu lasisi, waɗanda ke amfani da reza sau ɗaya su jefar.

Saboda haka ni a ganina, ɗan'uwa mazaunin Agege ko Sabon Badun ko Shagamu ko Fatakwal, wanda ke aski duk inda dare ya yi masa, ya daure ya sayi kilifa mai caji tasa ta kansa, ya riƙa kai wa mai aski. In kuwa ƙwal-kwabo yake so, ya je wurin wanzami, ba na ce a kashe sana'ar gado ba, amma ya tafi da sabuwar reza a buɗe ta a gabansa. Wanzamai da yawa sun riga sun koma ga ƙotar da ake sa wa rabin reza, Sarakunan Aska kuma su ya kamata su tsaya a kan sauran, musamman wajen askin suna da kaciya. Allurar rigakafin ciwon hanta tana cikin alluran jarirai tun 2004, ta farko kuwa a ranar haihuwa ake so a yi ta, watau kafin ma wanzami ya taɓa kan yaron.

Na san abin da ke hana mu, kunya ce. Yaya za ka dubi dattijon da ya yi maka kaciya ka ce ya sake aska? Ni dai da na je gaishe da ɗan wanzamin gidanmu, wanda shi ma yanzu furfura ta rufe shi, kwalin reza na sa cikin tsarabar da na kai masa, tare da goro da turare. Ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce ai ku 'yan Kurmi kun makara, shi ya daɗe da rataye askar ubansa.

Abokina direba kuwa ya sayi kilifarsa ran Asabar. Jiya da na bi ta garejinsu na gan ta a hannun yaron motarsa, ga mutum uku zaune a benci suna jiran layi.