Kafin ka canji dala ka sayi Kindle

Tun da na ɗora hoton na'urar karatuna makon jiya ake biyo ni ta saƙo da tambaya ɗaya: "Malam, Kindle zan saya ko Kobo?" Bari in amsa a nan gaba ɗaya in huta.

Allon waɗannan na'urori ba irin na waya ba ne. E Ink ake ce masa, kusan ba ya cin wuta sai lokacin da ka juya shafi, shi ya sa caji ɗaya ke kai ka makonni. Ga wanda ke unguwar da ake kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba, ai wannan kaɗai ya isa dalili. Kuma a tsakar rana ma kana ganin rubutu tar kamar takarda.

To amma me kake karantawa? Nan ne mutanenmu ke asarar kuɗi.

Yawancinmu ba daga shagon Amazon muke samun littattafai ba. PDF ne ake turowa ta WhatsApp da Telegram: takardun lakca, littattafan fiƙihu da tafsiri da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, sai labaran marubutanmu. Shi PDF shafinsa a daskare yake, ba ya bin girman allo. Ka zuba babban littafin Larabci mai sharhi a gefe cikin allo mai inci 6, wallahi wasulla sai su koma kamar ƙura. Ka ja, ka matsar, ka jira allon ya farfaɗo, kafin shafi biyar ka gaji. Wani ƙanena ya tara kuɗin alawus ɗinsa na hidimar ƙasa ya sayi ƙarama don karatun digiri na biyu. Yanzu tana cikin durowa, ya koma wayarsa. Na'urar lafiyarta lau, aikin ne ba nata ba.

Don haka in PDF ne abincinka, kada ka sayi ƙasa da inci 10. Ni Boox zan nuna maka, domin Android ce a ciki, kana iya sauke manhajar da kake so. Tana da tsada, kuma batirinta bai kai na Kindle juriya ba. In kuɗin bai kai ba, gara ka haƙura da wayarka tukuna.

In kuwa littattafan labari da tarihi na Turanci kake bi, to nan ne zancen Kindle da Kobo ya taso. Kindle, tun fitowarta a 2007, ita ce ta fi yawa a hannun mutane, ta hannu ma ta fi sauƙin samu. Abin da ya sa na ja baya da ita shi ne, a watan Fabrairun 2025 Amazon ta cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfutarka don ka ajiye. Kuma ba a manta ba, a 2009 sun goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin waɗanda suka biya kuɗinsu, ko da yake sun mayar da kuɗin. Mu da muka ga yadda OkadaBooks ta rufe a 2023, mun san abin da ake nufi da littafinka ya zauna a gidan wani.

Kobo (ba kwabonmu ba, ta kamfanin Rakuten ce na Japan) tana buɗe EPUB kai tsaye: ka jona waya, ka kwafa, shi ke nan. Kindle ma tana karɓa, amma sai ka bi ta intanet an juya maka shi. Littattafan shagon Kobo su ma da yawa a kulle suke, ban ce waliyyai ba ne. Ni dai ita na zaɓa.

Mai sayen ta hannu kuma, ka tabbata mai ita ya cire asusunsa, ka haɗa ta da intanet a gabansa ka ga ta karɓi naka kafin ka miƙa ko sisi.