"Netwok ne" ba amsa ba ce: wa ke gyara kuskuren da ke riƙe kuɗin mutanen Ketare?

Kwanakin baya na tsaya a wani shagon POS a Ketare, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, na tarar da wani dattijo da ya zo cirar kuɗin masarar da ya sayar. An saka katinsa, saƙon cire kuɗi ya shigo wayarsa, amma takardar da na'urar ta fitar ta ce ciniki bai faɗa ba. Yaron shagon ya ce, "Baba, a yi haƙuri, netwok ne." Dattijon ya duba wayarsa ya ce, "To ɗan nan, ga sabis cike, ina netwok ɗin ya shiga?"

Tambayarsa tana kan hanya. Mutanen wannan yanki sun san ainihin rashin sabis. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wancan shi ne rashin netwok. Abin da ya sami dattijon daban ne. Saƙonsa ya bar Ketare lafiya, ya je ya maƙale a cikin wata manhaja da ke aiki a kan babbar kwamfutar da ake kira uwar garke, mai yiwuwa a Legas ko ma a wata ƙasa.

Ga yadda ake gyara irin wannan tangarɗa. Injiniya ba ya buƙatar zuwa ɗakin da uwar garken take. Daga inda yake zaune yakan haɗa kwamfutarsa da ita ta intanet, ya fara karanta kundin da manhajar ke rubuta duk abin da ta yi, da lokacin da ta yi shi. Idan kundin bai nuna laifin ba, sai ya shiga ta wata ƙofa ta musamman, ya sa alama a layin da yake zargi, manhajar ta tsaya cak a wurin, ya bi ta layi bayan layi har ya ga inda lissafi ya karkace. Aiki ne mai hatsari. Tsayar da manhajar da dubban mutane ke amfani da ita na iya tsayar da cinikinsu, shi ya sa ƙwararru suka fi yin gwajin a kan kwafinta. Kuma ƙofar da manhajojin Java ke amfani da ita don wannan aiki ba ta tambayar kalmar sirri, idan aka manta ta a buɗe ɓarawo ma zai shiga.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kusan kowane kuskure yana barin sawu. Akwai wanda ya san abin da ya lalace, da ƙarfe nawa, da mutum nawa ya shafa. Mu ne kawai ba a faɗa wa.

Mun ga haka a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Na'urar BVAS ta riƙa tura sakamakon sanatoci da na 'yan majalisar wakilai zuwa shafin IReV, amma na shugaban ƙasa ya ƙi shiga. Rahoton da INEC ta fitar daga baya ya ce laifin na tsarin manhajar ne: an shirya ta ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha ɗaya ba ne. Injiniyoyi sun yi gyaran gaggawa daga nesa, sakamakon farko ya shiga da ƙarfe 8:55 na dare. Sai dai wannan cikakken bayani ya zo ne bayan kusan shekara guda, lokacin da zargi ya riga ya zauna a zukatan jama'a.

JAMB ta bi wata hanyar. A watan Mayun 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa wani gyaran manhaja bai hau yadda ya kamata a wasu uwayen garke ba, abin da ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Aka sake masu jarrabawa. An soki hukumar, kuma ta cancanci suka. Amma ɗalibi ya san cewa ba kansa ne ya gaza ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce fallasa irin wannan bayani zai nuna wa ɓarayin intanet hanya, kuma talakan ƙauye ba zai fahimta ba. Kashin farko yana da ƙanshin gaskiya, don ba wanda ya ce a wallafa sirrin manhaja. Amma faɗin cewa "daga ƙarfe 2 zuwa 4 tura kuɗi ya sami matsala daga wajenmu, za a mayar wa kowa haƙƙinsa" bai buɗe wa ɓarawo komai ba. Kashi na biyu kuwa raini ne. Manomin da ke lissafin taki da buhu da bashi a kansa zai gane saƙo mai layi biyu idan da Hausa aka rubuta shi.

Doka ma tana gefen dattijon. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a warware cinikin POS da ya maƙale cikin sa'o'i 72. Mutum nawa ne a Ketare suka san da wannan? Wanda bai sani ba sai ya biya kuɗin mota zuwa reshen banki a Malumfashi ko Funtuwa, a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu, don neman abin da injiniya zai gani cikin minti biyar daga kujerarsa.

Don haka buƙatuna uku ne. Bankuna da kamfanonin POS su riƙa tura saƙon Hausa duk lokacin da laifin daga wajensu yake, tare da lambar cinikin da ranar mayar da kuɗi. Kuɗin da kundinsu ya nuna ya maƙale su mayar da kansu, ba sai an kai ƙorafi ba. Sannan ɗan majalisar da ke wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ya tambayi Babban Banki hukuncin da ake yi wa masu wuce wa'adin nan.

Masu shagon POS kuma, ku daina ɗaukar laifin da ba naku ba. Ku ba mutum takardarsa, ku nuna masa lambar da ke jiki, ku faɗa masa wa'adin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu uwar garke sun san nasu. Dattijon na Ketare ya tafi gida ranar ba kuɗi, ba kuma bayani. Na biyun bai fi ƙarfin kowa ba.